Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Yadda Fim Ya Kama Zukatan Hausawa

Kurni gari ne na manoma a yankin Matamaye cikin jihar Damagaram, kusa da iyakar Nijeriya. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Daura da Kwangwalam da Ɗan Barto, ta ratsa Matamaye zuwa birnin Damagaram, ita ce ta daɗe tana kawo wa wannan yanki hajoji da labarai. Ta nan ne kuma kaset-kaset na bidiyo suka riƙa shigowa a shekarun 1990. Saboda haka tarihin kallon fim a wannan karkara yana ɗaure da na Kano, kamar yadda yake ɗaure da na Yamai. Tambayar da ta dace malamai da ƙungiyoyin al'adu su yi ita ce: me ya sa hoton da kowa ya san shiri ne yake sa dattijo share hawaye, ya sa saurayi tashi tsaye yana ihu?

Turawan mulkin mallaka ne suka fara gwada wannan ƙarfi a ƙasar Hausa. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas, ya yi amfani da fim wajen wayar da kan jama'a kan tsafta, kuma shi aka ɗora a kan sashen shirya finafinan ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Motoci suka riƙa shiga garuruwa da dare ana kafa farin ƙyalle a fili, abin da Hausawa suka kira majigi. Sellers yana ganin cewa ɗan Afirka ba zai gane fim ba sai an tafiyar da shi a hankali, an guji dabarun kyamara. Abin da ya biyo baya ya ƙaryata wannan zato.

A Kano an buɗe silimar Rex a 1937. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, kuma jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah. Duk da haka daga baya aka buɗe Palace, mutane suka ci gaba da tururuwa. Tun daga lokacin tsoro da sha'awa suke tafiya tare a sha'anin fim a ƙasar Hausa.

A shekarun 1950 ne ƴan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya, suka kuma tarar sun fi na Amurka karɓuwa. Masu kallo ba sa jin harshen Hindi, amma suna gane abin da ke gabansu: uba mai tilasta wa ƴarsa aure, attajiri mai danne talaka, mace mai lulluɓi da kunya, masoyan da ba sa sumbatar juna a bainar jama'a. Fim ɗin Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957, ya yi shekaru ana maimaita shi a silimun Arewa. Labarin wata manomiya ce, Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta, da bashin mai ba da kuɗi da ruwa ya cinye mata gona, ambaliya ta kwashe sauran, daga ƙarshe ta harbe ɗanta da hannunta domin ya sace ƴar mutane. Manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka ba ya bukatar tafinta kafin zuciyarsa ta karye. Shaƙuwar ta kai ga raɗa wa taurari sunayen Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Masanin nan Brian Larkin ya yi nazarin wannan al'amari a Kano, har da yadda masu bandiri irin su Ushaƙu Indiya suka ɗauki karin waƙoƙin finafinan suka ɗora yabon Annabi a kai.

Dabarun da ke jawo wannan tasiri sanannu ne. Na farko shi ne kusanto da fuska. Bahaushe ya tashi cikin tarbiyyar kunya da kara, ba ya ƙura wa babba ido, ba ya kuka a gaban mutane. Kyamara kuwa tana cika allo da fuskar mai kuka, tana ba mai kallo damar duban abin da al'ada ta hana shi duba, cikin duhun da ke rufa masa asiri. Na biyu shi ne jera hotuna. Lev Kuleshov na Rasha ya nuna wajen 1920 cewa fuska ɗaya, in aka haɗa ta da kwanon miya sai a ga yunwa, in aka haɗa ta da gawa sai a ga baƙin ciki. Mai kallo ne ke cike giɓin da abin da ke ransa. Na uku shi ne kiɗa, kuma a Nijar aka samu ɗaya daga cikin misalansa mafi kyau. A farkon shekarun 1950 Jean Rouch ya koma Ayoru ya nuna wa masunta Sorko fim ɗin da ya ɗauka na farautar dorina. Suka ce masa ya cire kiɗan da ya sa, domin farauta a shiru ake yin ta, kiɗa zai ƙara wa dorina ƙarfin hali ta tsere. Mutanen da aka ɗauka ba su san fim ba, sai ga shi sun gane aikin kiɗa a cikinsa tun kallon farko.

Masu shirya fim na Nijar su ma sun lura da abin da allo ke yi wa matasa. A 1966 Mustafa Alasan ya fito da Le Retour d'un aventurier, labarin samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi suka ɗauki sunayen Amurkawa, suka addabi garinsu. Umaru Ganda kuwa ya taɓo zafin kishi da auren dole a Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. A Damagaram, wasannin kwaikwayon Hausa na ƙungiyar Yazi Dogo a rediyo da telebijin sun nuna cewa da dariya ma ana iya gyaran hali.

Babban sauyi ya zo da bidiyo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, sannan Sangaya ya fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Muhammad, labarin soyayyar ɗan sarki da yarinya mai hidima a gidan sarauta, wanda waƙarsa ta cika gidajen biki. Kaset ya shigar da fim cikin gida, matan kulle da ba su taɓa taka silima ba suka zama manyan masu kallo, yayin da gidajen kallo masu janareta suka bazu a ƙauyuka. Malamai da iyaye suka koka kan rawa da waƙa tsakanin maza da mata, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Daga baya faifai ya ture kaset, wayar hannu ta ture faifai. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, aka kuma shiga juya finafinan Indiya zuwa Hausa.

Yaron Kurni na yau yana iya kallon fim shi kaɗai a tafin hannunsa, babu kaka ko yayan da zai ce masa wannan ƙarya ce, wancan gaskiya. Hukumar tacewa ba ta isa cikin aljihunsa ba, amma malamin makaranta yana ganin sa kullum. Ana iya nuna wa ɗalibai fage ɗaya sau biyu, da sauti da kuma babu sauti, a tambaye su me ya canza a ransu, wane ne kyamara ta kusanto, wane ne ta bari a nesa, kuma wa ke cin ribar hawayensu. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna iya farfaɗo da kallon taro a dandali tare da tattaunawa bayansa, su kuma tattara tunanin dattawan da suka ga majigi da idonsu tun suna raye.