Taƙaddama Kan Asalin Ɗumin Sararin Samaniya: Waiwaye, 1942 Zuwa 2019

Manufarmu a wannan takarda ita ce bin diddigin wata taƙaddama da ta raba kan masana falaki: daga ina ɗumin nan da ya game sararin samaniya ya samo asali?

A 1948 Ralph Alpher da Robert Herman suka yi ƙiyasin cewa, in har duniya ta faro ne daga babbar fashewa, to lalle a sami ragowar zafinta, kimanin digiri 5 a ma'aunin Kelbin. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson na Amurka suka ba da sanarwar wani ƙugi da eriyarsu ke ɗaukowa daga kowace fuska, wanda bai gushe ba ko bayan sun share kashin tantabarun da ke cikinta. Galibin masana suka ce ragowar ke nan.

Amma akwai wata mazahaba da ta samo tushe daga Hannes Alfvén na Suwidin, wanda tun 1942 ya bayyana yadda maganaɗisu ke sarrafa filasma, wato iskar gas mai ɗauke da lantarki. Wani mabiyinsa, Eric Lerner, ya kafa hujja a littafinsa na 1991 cewa taurari ne suka haifar da ɗumin, sa'an nan zarurrukan filasma masu maganaɗisu da ke tsakanin gungayen taurari suka watsa shi ko'ina, kamar yadda hazo ke watsa hasken rana.

To, gani ya kori ji. Tauraron ɗan'adam na COBE, wanda aka harba a 1989, ya auna ɗumin a kan digiri 2.7, da siffar da masu ra'ayin fashewa suka zata. Bugu da ƙari, da akwai hazo mai kauri haka, da ya shamakance mana igiyoyin rediyo masu zuwa daga can nesa, alhali kuwa suna iso mana.

Duk da haka, a 2019 na'urar LOFAR ta gano wata gadar filasma mai maganaɗisu, mai tsawon tafiyar haske ta shekara miliyan 10, tsakanin tarin gungayen Abell 399 da Abell 401.

A ganinmu, mazahabar filasma ta faɗi a batun asalin ɗumin, amma ta yi gaskiya da ta ce sararin nan ba fanko ba ne. Tambayar da ta rage wa manazarta ita ce: yaushe maganaɗisun ya samu, tun farkon duniya ko bayan haihuwar taurari?