Jiragen katakon Dunkirk da masu gyaransu

A shekarar 1929 Charles Lightoller ya tarar da wani ƙaramin jirgin ruwa na katako yashe cikin laka a yankin Kent na Ingila. Don rundunar sojan ruwa aka ƙera shi a 1912, suka gama cin moriyarsa suka yar. Lightoller, wanda shi ne mafi girman muƙami cikin ma'aikatan Titanic da suka tsira, ya saye shi fam 40, ya ba masassaƙa suka mayar da shi jirgin shaƙatawa mai inji. Matarsa ta raɗa masa suna Sundowner.

Bayan shekara 11 wannan kwantan ya shiga tarihi. A ƙarshen watan Mayu na 1940 sojojin Jamus suka ritsa da na Ingila da Faransa a gaɓar Dunkirk, teku a gabansu, wuta a bayansu. Ruwan bakin gaɓar ba shi da zurfin da manyan jirage za su matso, sai aka tattaro ɗaruruwan ƙanana: na masunta, na fito, na masu kuɗi. Ranar 1 ga Yuni Lightoller ya tuƙa nasa da kansa, shi da ɗansa da wani matashi, ya dawo Ramsgate da sojoji fiye da 120 a jirgin da aka yi wa izinin ɗaukar mutum 21. An kwashe kimanin mutum 338,000 baki ɗaya. A gaskiya kusan kashi biyu cikin uku manyan jirage ne suka ɗebe su daga tashar garin, amma labari ya fi son ƙarami, mu masu aikin rediyo mun san haka.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayan yaƙin. Aka mayar da da yawa daga cikin jiragen da suka tsira ga masu su, aka yi ta sayarwa daga hannu zuwa hannu. Sai a 1965 wani ɗan sana'armu, Raymond Baxter na BBC, mai jirgin L'Orage, ya tara jirage kimanin 40 suka sake tsallakawa Dunkirk. A 1966 aka kafa ƙungiyar masu su, kuma suna maimaita tafiyar duk shekara biyar. Ke nan akasarin wannan tarihi ba a gidan adana kayan tarihi yake ba. Yana hannun ɗaiɗaikun mutane, har da wanda bai taɓa mallakar ko kwale-kwale ba, ya ga araha ya saya.

Shi sabon shiga fenti yake fara gani, alhali ciwon na ciki ne. Ruwan gishiri ba shi ne babban abokin gabar katako ba, ruwan sama ne, wanda ke tsiyaya ta rufi ya kwanta a lungun da iska ba ta shiga har wurin ya ruɓe. Ƙusar ƙarfe kuma in ta yi tsatsa tana cinye itacen da ke kewaye da ita, shi ya sa ake ɗaure alluna jikin haƙarƙarin jirgin da ta tagulla. A cire allo ɗaya a tarar haƙarƙari uku sun tafi. Sannan ga jira: jirgin da ya daɗe a tudu bushewa yake, tsakanin alluna ya buɗe. Sai a cusa auduga a tsagar, a liƙe, a mayar da shi ruwa, a yi kwanaki ana kwarfar ruwa har katakon ya kumbura ya rufe da kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu gyaran kwale-kwale a bakin kogin Kwara, a Yamai ko Gaya, ya ga ƙanen wannan aiki. Har itacen ma akwai dangantaka, don cikin katakon da maƙeran jiragen Ingila ke amfani da shi akwai ɗan'uwan maɗacinmu daga dazuzzukan Afirka ta Yamma.

Nan gardama take. In an sauya rufi, an sauya inji, an sauya rabin alluna, shin wannan ne jirgin da ya je Dunkirk? Tun zamanin Girkawan da ake wannan musu a kan jirgin Theseus. Ni ina bayan mai sauyawa. Allon 1940 da aka bari don girmamawa, in ya ruɓe, shi zai nutsar da sauran, kuma jirgin da ba ya iya tsallaka teku ya riga ya daina zama abin da ake girmama shi dominsa. Inda nake da ja shi ne mai lulluɓe tsohon katako da roba don gudun wahala, ya kulle danshi a ciki, ya bar wa mai saye na gaba ruɓar da ba a gani. Ƙungiyar kuwa tana ba jirgin da aka tabbatar da zuwansa izinin ɗaga tutarta, kuma za ka ga ƙaramin allon tagulla a jikinsa ɗauke da sunan garin da shekarar 1940, wanda sau da yawa a jikin sabon katako aka kafa shi.