Tufafin Ibada a Majami'a da Masallaci: Nazari kan Sutura, Girmamawa da Daidaito

Gabatarwa

A garuruwan Arewa, Musulmi da Kirista kasuwa ɗaya suke sayen shadda da atamfa, sau da yawa ma tela ɗaya ke yi musu ɗinki. Amma da zarar an doshi ƙofar ɗakin ibada, kowane ɓangare na da nasa ƙa'idojin. Wannan nazari ya duba tushen ƙa'idojin, ya kuma nuna cewa a kan ginshiƙai uku suka tsaya: rufe jiki, girmama wuri, da daidaita masu ibada. Na farko da na biyu ana yawan wa'azi a kansu. Na ukun ne aka yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ya fi taɓa talaka.

Rufe jiki

A fiƙihun Malikiyya, wanda mafi yawan Musulmin ƙasar Hausa ke bi, al'aurar namiji a salla daga cibiya ce zuwa gwiwa, mace kuwa za ta rufe dukkan jikinta ban da fuska da tafukan hannu. Iyakar a fayyace take, shi ya sa ba a cika jayayya kan tushenta ba.

A Kiristanci nassin bai auna jiki gaɓa-gaɓa ba. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 2, ta umarci mata da shigar kamun kai, ta kuma ja kunne kan taƙama da zinariya da tufafi masu tsada. Ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 11, ta yi maganar mace ta rufe kai yayin addu'a, namiji kuma ya bar nasa a buɗe. A nan fassara ta rabu. Kundin dokokin Cocin Katolika na 1917 ya wajabta wa mata rufe kai a sujada, amma wanda ya maye gurbinsa a 1983 bai maimaita dokar ba. Duk da haka, a majami'u masu sujada da Hausa, irin na ECWA da COCIN da EYN, da wuya ka ga matar aure ba ɗankwali. Dalili shi ne nassi ya tarar da al'adar da tun asali take ɗaukar ɗaurin kai a matsayin cikar mutuncin mace, sai suka ƙarfafi juna.

Girmama wuri

Duba dattijon da ya iso majami'a ranar Lahadi a Wusasa, inda aikin mishan na Dokta Walter Miller ya koma daga birnin Zariya a 1929. Yana sanye da babbar riga mai aiki da hula zanna bukar. A bakin ƙofa zai cire hular, ya riƙe ta a hannu ko ya ɗora ta a gwiwa, takalmansa kuwa suna ƙafarsa. Maƙwabcinsa Musulmi, ranar Juma'a, akasin haka zai yi: zai tuɓe takalmi ya haɗa tafukansu, ya gyara zaman hularsa, sannan ya shiga sahu.

Manufarsu ɗaya, alamar ce ta bambanta. Bahaushe takalmi yake cirewa a gaban babba, hula kuwa cikar kamala ce, don haka tsarin masallaci ya zo daidai da tarbiyyarsa. Cire hula ya shigo ne ta nassin Korantiyawa da kuma ɗabi'ar Turawan mishan. Cire takalmin ma ba baƙo ba ne ga Kirista: Littafin Fitowa da Suratu Ɗaha duka sun kawo umarnin da aka yi wa Annabi Musa ya tuɓe takalmansa a wuri mai tsarki. Mabiya cocin Celestial, wanda Samuel Oshoffa ya kafa a Porto-Novo a 1947, farar riga suke sawa, kuma ba sa sa takalmi muddin tana jikinsu. Darasin shi ne baƙon da aka gayyata ɗaurin aure ko jana'iza ya tambayi masu wuri, kada ya auna ladabinsu da ma'aunin gidansu.

Daidaito

Musulunci ya ƙarfafa ado don ibada. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta yi umarni da shi a kowane masallaci, sunna kuma ta kwaɗaitar da wankan Juma'a, aswaki, turare ga maza da fararen tufafi. Amma ayar nan ɗin ce ta rufe da hana almubazzaranci. Mafi girman taron ibada kuwa, aikin Hajji, yana tuɓe wa namiji duk wata alamar muƙami, ya bar shi da ƙyalle biyu marasa ɗinki, sarki da lebura ba bambanci. Haka wasiƙar Yaƙub, sura 2, ta tsawata wa ikilisiyar da za ta ba mai zoben zinariya kujerar gaba ta bar mai tsumma a tsaye.

Kayan ƙungiyar Zumuntar Mata ta majami'u misali ne na ƙoƙarin cika wannan ginshiƙi. Idan mata suka fito da atamfa iri ɗaya mai tambarin ikilisiya, ɗaurin ɗankwali iri ɗaya, ba ka rarrabe matar kwamishina da mai sayar da ƙosai. Sai dai maganin kan koma cuta idan kowane taro da kowane biki sai an fitar da sabon anko. Haka abin yake a kayan Salla da na Kirsimeti: akwai iyayen da ke cin bashi, akwai kuma yaran da ke ƙin zuwa idi ko sujada don kunyar tsohon kaya. Duk ranar da tsada ta hana mutum shiga ɗakin ibada, ado ya ci amanar abin da aka yi shi dominsa.

Kammalawa

Shigar da ta dace da ibada ita ce mai tsabta, mai rufe jiki bisa ƙa'idar wurin, wadda ba ta ɗauke hankalin na kusa, ba ta kuma ƙasƙantar da shi. Nauyin yana kan limamai da fastoci da dattawa. Su koyar da ƙa'ida a fili, su yi gyara a keɓe cikin taushi, musamman ga matasa da sababbin zuwa, domin wanda aka kunyata a ƙofa da wuya ya dawo. Su rage yawan anko, su kuma fara da kansu wajen sauƙaƙa shiga, don mabiya abin da suka gani a jikin shugaba suke kwaikwaya kafin abin da suka ji daga bakinsa.