Gasar Dakar

Gasar Dakar tsere ne na motoci masu ja da ƙafa huɗu, da babura da manyan motoci, a kan rairayi da duwatsu inda babu kwalta. Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro ta bayan ya ɓace a hamadar Tenere a 1977. A gasar farko an tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ayarin ya ratsa Agadas da Yamai kafin ya isa Dakar, kuma Range Rover ce ta zo ta ɗaya a motoci. A irin wannan tsere, tuƙi a tudun yashi sai an sassauta iskar taya, in ba haka ba mota ta kafe. Matsalar tsaro ta sa aka soke gasar 2008. Tun 2020 a Saudiyya ake yin ta.