Daga Zaƙami Zuwa Avomine: Tarihin Maganin Amai a Mota

Duk wanda ya saba hawa motar haya daga Balan, a ƙasar Gaya, ko daga ƙauyukan Ajingi zuwa birnin Kano, ya san yadda abin yake faruwa. An cika mota maƙil, an rufe gilasai saboda ƙurar hunturu, warin fetur ya gauraya da na turare. Kafin a kai gadar Wudil sai wata mata a kujerar baya ta yi shiru, gumi ya keto mata, ta fara hamma tana haɗiyar yawu. Can sai a ji na kusa da ita ya ce, "Direba, don Allah a ba mu leda." Idan aka sauka, ba a rasa mai ba ta shawarar ta riƙa tsayawa a kemis ta sayi "maganin amai" kafin ta hau.

Wannan ƙwaya da ake saya ɗaya ko biyu, a yanko ta daga kati da almakashi, ba kwali ba takarda, tana da tarihi mai tsawo. Ya ratsa ta teku da fagen yaƙi da wani asibiti a Amurka, ya kuma taɓo wata ciyawa da ke fitowa a jujin bayan gidajenmu. Wanda ya san tarihin zai fahimci dalilin da ya sa maganin yake aiki, da kuma dalilin da ya sa yake iya yin kisa.

Ciwon da ya jira abin hawa

Gaya tsohon gari ne na tafiye-tafiye. Labarin gargajiya yana cewa daga can maƙeran nan Abagayawa suka taso neman tama har suka zauna a Dala, kuma Tarihin Kano ya ambaci Agalfati, Sarkin Gaya, a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452 zuwa 1463). Ƙarni bayan ƙarni fatake sun bi ta wannan yanki tsakanin Kano da Borno. Amma tafiyarsu a ƙafa take, ko a kan jaki da takarkari da doki, kuma wanda ke taka ƙasa da ƙafarsa zuciyarsa ba ta tashi. Waɗanda suka ɗanɗani abin su ne mahayan raƙumi da ba su saba ba, da alhazan da suka yi watanni ko shekaru suna ratsa Chadi da Sudan, suka hau jirgin ruwa a Sawakin don tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda.

Mutanen bakin teku sun riga mu sanin wannan ciwo. Hippocrates, likitan Girka wanda Larabawa ke kira Abuƙarat, ya lura fiye da shekara 2,000 da suka wuce cewa tafiya a teku tana rikita jiki. Kalmar da Turawa ke amfani da ita don tashin zuciya ma ta samo asali ne daga sunan jirgin ruwa a harshen Girkanci. A wurinmu kuwa abin ya zama ruwan dare ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manyan motoci suka biyo baya suna kwasar gyaɗa da fasinja, sannan kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, Fijo ta cika tashoshi. A cikin rayuwar mutum guda, tafiyar kwana biyu ta koma ta awa ɗaya da 'yan mintuna, jikin ɗan Adam kuwa bai sauya ba.

Ido da kunne sun saɓa

An daɗe ana zaton matsalar ta ciki ce. A ƙarshen ƙarni na 19 hankali ya koma ga kunne. A 1881 likita J. A. Irwin ya yi rubutu a mujallar Lancet yana danganta ciwon da sashen can cikin kunne mai kula da daidaiton jiki. A 1882 masanin halayyar ɗan Adam William James ya ba da rahoton cewa kurame da yawa ba sa jin jiri ko da an juya su. Daga baya aka tabbatar cewa wanda wannan sashe na kunnensa ya daina aiki gaba ɗaya, teku ba ta sa shi amai.

Bayanin da masana suka fi yarda da shi a yau, wanda James Reason da J. J. Brand suka tsara a littafinsu na 1975, shi ne saɓani tsakanin gaɓɓai. Fasinjan da ke matse a baya yana kallon wayarsa, idonsa yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa a zaune yake wuri ɗaya, kunnensa kuwa yana ba da labarin kwana da birki da ramuka. A 1977 Michel Treisman ya kawo hasashen cewa ƙwaƙwalwa tana fassara wannan ruɗani a matsayin alamar an ci guba, shi ya sa take ba da umarnin a amayar. Gwaje-gwaje sun nuna cewa lilon da ya fi tayar da zuciya shi ne mai nawa, wanda ke zuwa ya koma kamar sau ɗaya a daƙiƙa biyar. Wannan ne ya sa rangajin raƙumi da na jirgin ruwa suka fi sukuwar doki wahalar da baƙo. Shi direba ba ya cika kamuwa, domin ya san kwanar da zai sha kafin ya sha ta. Yara 'yan shekara 6 zuwa 12 su suka fi wahala, jarirai ƙasa da shekara 2 kuwa da wuya abin ya taɓa su.

Yaƙi ya nemo magani

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mai da amai a jirgi babban al'amari. Sojan da aka sauke a bakin gaɓa yana layi ba zai iya riƙe bindiga ba. Masu bincike a Ingila suka gwada magunguna iri-iri a kan sojoji cikin ƙananan jiragen ruwa, a 1944 suka wallafa cewa hayosin, wanda ake kira sikofolamin, ya fi sauran.

Wannan sinadari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yana cikin zaƙami, ciyawar nan mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, wadda wasu ke kira haukata-yaro. Albert Ladenburg ya fara tace shi daga wata ciyawa 'yar uwarta a Jamus a 1880. Abin da ake sa wa a ƙwayar matafiya bai kai miligiram ɗaya ba. Saurayin da ya jiƙa 'ya'yan zaƙami ya sha a gidan biki kuwa bai san adadin da ya shiga cikinsa ba, shi ya sa ake ganinsa bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jikinsa ya yi zafi, yana surutai, wani lokaci har a rasa shi. Sinadari ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta.

Magani na biyu katari aka yi da shi. A 1947, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, likitoci biyu, Leslie Gay da Paul Carliner, suna gwada wani sabon maganin kamfanin Searle a kan masu borin jini. Wata mata daga cikin majinyatan, wadda tun tana ƙarama take fama da amai a abin hawa, ta gaya musu cewa duk ranar da ta sha maganin lafiya lau take komawa gida a taragon cikin gari. Likitocin ba su yi watsi da maganarta ba. A watan Nuwamba 1948 suka samu izinin gwada shi a jirgin ruwan soja General Ballou, wanda ya tashi daga New York zuwa Bremerhaven ta Jamus ɗauke da sojoji sama da 1,000, a lokacin da tekun Atlantika ke tsananin hauka. Aka ba wasu maganin, aka ba wasu ƙwayar da babu komai a cikinta. Bambancin ya fito fili, aka wallafa sakamakon a 1949, maganin ya shiga kasuwa da sunan Dramamine.

A waɗannan shekaru ne kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ya haɗa furometazin, wanda muka sani da sunan Phenergan, kuma wani nau'insa shi ne Avomine da ke kusan kowane kemis a jihar Kano. Ƙarfin sa barci da yake da shi ne ya ja hankalin masu bincike, har daga danginsa suka samo Largactil a 1950, maganin da ya sauya yadda ake kula da masu taɓin hankali a duniya. Ashe ƙwayar da ake miƙa wa fasinja kamar alewa, gida ɗaya ta fito da maganin asibitin ƙwaƙwalwa. A 1955 kamfanin Janssen na Beljiyam ya samar da sinarizin, wato Stugeron, a 1979 kuma Amurka ta amince da filastar sikofolamin da ake liƙawa a bayan kunne.

Yadda ƙwayar ta iso tasha

Waɗannan magunguna sun iso ƙauyukanmu ta hannun masu kemis da 'yan talla, ba ta hannun likita ba. Mai kemis yana da lasisin sayar da wasu magunguna a cikin kwalinsu na asali, kuma a wurare irin su Balan sau da yawa shi ne farkon wanda marar lafiya ke gani. Tallar magani a tasha da kasuwa da cikin mota kuwa dokar hana jabun magunguna ta haramta ta. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, Dora Akunyili ta yi fafutuka da masu jabu daga 2001 zuwa 2008, an hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a 2018, a 2024 kuma aka rufe shagunan dillalan magani a Sabon Gari domin su koma cibiyar Dangwauro. Duk da haka, har yau mai faranti a ka yana zagaya motoci, magunguna suna gasuwa a rana, kuma abin da ya ɓace a wannan doguwar hanya shi ne 'yar takardar da ke cikin kwali, wadda ke ɗauke da duk abin da aka koya tun daga jirgin General Ballou.

Abin da takardar take faɗa

Na farko, maganin rigakafi ne. Da zarar zuciya ta fara tashi, tumbi yana rage aiki, ƙwayar da aka haɗiya a lokacin ba ta wucewa da wuri, galibi ma tare da aman take fitowa. Dramamine ana shansa rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a tashi, Stugeron awa biyu, Avomine kuwa awa ɗaya zuwa biyu, ko daren jajibere idan tafiyar mai nisa ce. Mai azumin da zai yi sammako, lokacin sahur ya dace da shi.

Na biyu, barcin da yake sa wa ba kuskure ba ne. Maganin yana aiki ne saboda yana shiga ƙwaƙwalwa. Sababbin magungunan mura da ƙaiƙayi irin su loratadin da setirizin, waɗanda ba su cika sa barci ba, ba sa hana amai a mota. Saboda haka direba da ɗan acaɓa ba su da rabo a cikinsa, kuma wanda ya sha furometazin da dare yana iya wayar gari da nauyin kai. Matar da ke tafiya ita kaɗai, ko mai ɗauke da kuɗin cinikin shanu daga kasuwar Wudil ranar Juma'a, su ma su yi lissafin wannan barci. Haɗa shi da Piriton, ko maganin tari, ko diyazefam, ko tiramadol, ko barasa, tara nauyi ne a kan numfashi.

Na uku, jarirai. Akwai uwar da ke ba jinjiri cokalin Phenergan don ya yi shiru a hanya. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mafi tsanani a kan furometazin, cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, bayan an samu yaran da numfashinsu ya tsaya suka mutu. Ga shi kuma yaro a wannan shekaru da wuya mota ta tayar masa da zuciya. An sayi haɗari ke nan ba tare da wata riba ba. Yaran da suka girmi haka ma, masanin harhaɗa magani ne zai faɗi abin da ya dace da shekarunsu, ba a raba ƙwayar manya da ka.

Na huɗu, gadon zaƙami. Duk waɗannan magunguna suna busar da baki, suna rage gumi, suna iya riƙe fitsari. A zafin Afrilu, cikin motar da aka cunkusa mutane, rage gumi ba ƙaramin abu ba ne. Dattijon da fitsari ke yi wa gardama, da mai hawan jinin ido, da mai farfaɗiya, da mai ciwon karkarwar jiki, da mai juna biyu, kada ɗayansu ya sha sai ya tambayi likita. Idan kuma aman ya zo da zazzaɓi ko gudawa, ko ya ci gaba bayan an sauka an huta, to ba na mota ba ne, asibiti ya kamata a nufa.

Kafin a kai ga ƙwaya akwai abin da ilimin kunne da ido ya koyar, kuma kyauta ne. A nemi gidan gaba ko kusa da taga, a kafa ido can nesa a kan hanya, a jingina kai, a ajiye waya, a bar iska ta shigo, a ci abu marar maiƙo kafin a tashi. Cittar da iyayenmu ke taunawa ma an gwada ta, an wallafa sakamako mai ƙarfafa gwiwa a Lancet a 1982, ko da yake gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su zo da murya ɗaya ba. Sannan sabo shi ne maganin da ya fi daɗewa, shi ya sa yaron mota ke cin gurasarsa a kujerar baya hankali kwance.

Galibin masu karanta wannan rubutu su ne ake kira daga gida a tambaye su wane magani za a saya wa Inna ko Ladidi kafin a taho birni. Amsar ta fara da tambaya: wa zai sha, shekarunsa nawa, wane magani yake sha a yanzu, shi zai tuƙa? Bayan haka a saya a kemis mai lasisi, a karɓa da kwalinsa, a duba lambar NAFDAC da ranar da wa'adinsa zai ƙare, a zaro takardar a karanta musu kafin su kama hanyar tasha.