Tarihin Fitila a Arewacin Zazzau

Wanda ya saba da taɓa makunni a bango haske ya cika ɗaki, da wuya ya gane irin tsadar da haske ya ke da ita wajen mutanen da. A garuruwan arewacin Zazzau, kamar su Taba da Kudan da Maƙarfi da Ikara, in dare ya yi akan ci tuwo da wuri, a yi sallar lisha, a kwanta. Wanda ya ke bukatar gani, tilas ya nemi abin da zai ƙona. Almajirai su kan ɗebo kara da ƙirare tun da rana, a hura wuta a tsakiyar makaranta, su kewaye ta da allunansu. A cikin gida kuwa akwai 'yar fitilar ƙasa ko ta ƙarfe, wadda a ke zuba wa man kaɗe ko man gyaɗa, a murza auduga a yi mata lagwani. To, man nan shi ne kuma na miya, saboda haka uwargida ta kan auna shi da hankali. Ba a barin fitila tana ci a ɗakin da babu kowa.

Abin da ya fara sake wannan hali shi ne jirgin ƙasa. A cikin shekarar 1911 hanyar jirgi ta ratsa Zariya ta kai Kano, ta bi ta Likoro da Gimi. Jirgin da ya ke kwasar auduga da gyaɗa zuwa bakin teku, shi ne ya ke komowa da kananzir cikin garwa. Daga kantunan Turawa 'yan kasuwa su ke saye, su bi kasuwannin ƙauye suna sayarwa kwalba kwalba. Garwar ma ba ta zama shara ba, da ita 'yan garuwa su ka riƙa tallan ruwa. Masu sana'ar gwangwani kuma su ka ƙago aci-balbal daga tsohon gwangwanin madara. Mai ɗan hali ya kan sayi fitilar ƙwai, wadda iska ba ta kashewa. Fitilar gas kuwa, wadda a ke bugawa tana huci, sai gidan hakimi da attajiri da wurin biki.

Kananzir ya fi man kaɗe haske da sauƙi. Da shi mutane da yawa su ka karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939. Amma yana da nasa aibi. Hayaƙinsa yana baƙanta ɗaki, yana sa ido ruwa da tari, in kuwa fitila ta faɗi kusa da zana ko jinka, sai gobara. Duk da haka tsohuwar al'adar tattali ba ta ɓace ba, gama kuɗi a ke fitarwa a sayo man. Kowace mace ta san ta rage lagwani in an gama aiki.

Sa'an nan wutar lantarki ta zo. Ƙwan da ya fara yaɗuwa a duniya shi ne irin wanda Edison, mutumin Amurka, ya gyara cikin 1879. A Nijeriya gwamnati ta kafa hukumar lantarki ta ƙasa cikin 1950, aka gama madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara cikin 1968, aka kafa NEPA cikin 1972. Manyan birane su ka fara samu, daga baya waya ta miƙe zuwa garuruwan hakimai, waɗansu ƙauyuka kuwa ba ta kai gare su ba.

A nan ne tattali ya yi rauni. Gidaje da yawa ba su da mita, kuɗin ƙiyasi a ke kawo musu, ko sun kashe ƙwai ko sun bar shi duk ɗaya ne. Sai aka riƙa ganin ƙwai yana ci a ƙofar gida da rana tsaka. Shi kuwa ƙwan nan ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Wani siririn zaren ƙarfe ne a cikinsa, wuta ta kan gasa shi har ya yi jawur ya ba da haske. Cikin kashi goma na wutar da ya ke sha, wajen tara zafi su ke zama, shi ya sa ba ya taɓuwa in ya daɗe a kunne. In dukan gari ya kunna irinsa da magariba, nauyi ya kan yi wa taransifoma yawa, haske ya dushe, wani lokaci ma ta ƙone, unguwa ta kwana cikin duhu.

Maganin farko shi ne farin ƙwai mai murɗaɗɗiyar kwalba, wanda ya ke shan kamar kashi ɗaya cikin huɗu na wutar tsohon. Ƙasar Gana ta nuna amfaninsa cikin 2007, sa'ad da ruwa ya janye a madatsar Akosombo. Gwamnatinsu ta raba irinsa miliyan shida kyauta, nauyin da ke kan injunansu da magariba ya ragu da fiye da megawat ɗari. Da yayyafi kogi kan cika. Sai dai akwai 'yar zaiba a cikin ƙwan, wadda guba ce, don haka ba a barin yara su yi wasa da fasasshensa.

Bayansa aka sami ƙwan LED, wanda ba shi da zare, ba shi da zaiba. Waɗansu masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su ne su ka gano hanyar da ta kai ga farin haskensa, aka ba su kyautar Nobel cikin 2014. A ƙauye ta hanyar tocila ya fara shiga, da 'yan fitilun batir da samari su ka riƙa haɗawa da katako da tsohon faifai. Da gwamnati ta janye tallafin kananzir cikin 2016, fitilar ƙwai ta ƙara ja da baya, fitila mai caji da mai aiki da hasken rana su ka maye gurbinta, har a garuruwan da waya ba ta kai ba.

Lissafin abin ba shi da wuya. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Gidan da ke kunna tsofaffin ƙwai biyar, awa shida kowane dare, yana shan yunit 54 a wata. In ya sake su da LED, yunit 8 da 'yan kai zai sha. Tsohon ƙwai kan yi kamar awa dubu ya mutu, LED na kirki kuwa ya kan ninka haka fiye da sau goma. Amma mai saye ya lura, araha ba ta ado: akwai jabu da yawa a kasuwa, masu dushewa tun ba a je ko'ina ba.

Wanda ya bi tarihin nan zai ga kowace fitila ta kori ta gabanta ne domin ta ba da haske mai yawa da kuɗi kaɗan. Magidancin da ya sake ƙwayayen gidansa ya rage wa aljihunsa nauyi, ya rage wa taransifomar garinsu, 'ya'yansa kuma sun sami hasken karatu marar hayaƙi. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙe hikimar kakanninsa, watau kada a bar fitila tana ci a ɗakin da babu kowa. Allah ya sa a gane.