Rebecca Wolfe: Masaniyar da ta gwada tasirin cuɗanya tsakanin manoma da makiyaya a Nasarawa da Binuwai

Dakta Rebecca Wolfe masaniya ce 'yar Amurka a fannin nazarin halayyar ɗan Adam cikin al'umma. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Harvard, ta shafe shekaru tana jagorantar bincike a ƙungiyar agaji ta Mercy Corps, daga bisani ta koma koyarwa a Jami'ar Chicago. Sunanta ya fito a Najeriya ne saboda ayyukan da ta gudanar tare da masu bincike na cikin gida a kan tambayar da ta daɗe tana damun jama'ar Arewa ta Tsakiya, wato ko zama tare da yin aiki tare na iya rage gaba tsakanin al'ummomin da jini ya riga ya shiga tsakaninsu.

Tushen tambayar

A 1954 masanin nan Gordon Allport ya bayyana cewa cuɗanya na rage ƙyamar juna idan aka cika sharuɗɗa huɗu: ɓangarorin su haɗu a matsayi ɗaya, su kasance da buri guda, su yi aiki tare, kuma shugabanni su mara musu baya. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara nazarce-nazarce 515, suka samu cewa galibinsu sun goyi bayan wannan ra'ayi. Sai dai mafi yawan nazarce-nazarcen an yi su ne a ƙasashen da ke zaune lafiya. Wannan giɓi ne Wolfe da abokan aikinta suka nemi cikewa.

Gwajin Nasarawa da Binuwai

Binciken ya gudana ne cikin wani shiri na Mercy Corps da ƙungiyar Pastoral Resolve, da tallafin hukumar USAID ta Amurka. An zaɓi wurare 15, kowane wuri na da ƙauyen manoma da rugar makiyaya da ke rikici da juna. Ta hanyar ƙuri'a aka ware inda za a aiwatar da shirin da inda za a bari domin kwatantawa. A wuraren da aka zaɓa an kafa kwamitocin haɗin gwiwa da suka tsara ayyukan da kowa zai amfana, irin su rijiyoyin burtsatse, aka kuma horar da shugabanni dabarun sasanci.

Ana tsakiyar aikin ne dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai ta fara aiki a Nuwamban 2017, makiyaya da dama suka ƙaura zuwa Nasarawa, kashe-kashe suka ƙaru. Duk da haka, sakamakon ya nuna cewa a inda shirin ya gudana mu'amala da amincewa da juna da kwanciyar hankali sun fi na sauran wuraren. Masu binciken sun haɗa tambayoyin da suka yi wa jama'a da sa ido kan masu shiga kasuwanni da taron biki. Sun kuma gano cewa tasirin ya kai ga mutanen da ba su zauna cikin kwamitocin ba. Mujallar PNAS ta wallafa sakamakon a 2023, da sunayen Christopher Grady da Wolfe da Danjuma Dawop da Lisa Inks.

Gwajin Maiduguri

A wani aikin da mujallar ta wallafa a 2021, Wolfe ta haɗa hannu da Graeme Blair da Rebecca Littman da Mohammed Bukar da wasu. An kunna wa mazauna Maiduguri muryar wani malamin addini yana jan hankali kan yafiya ga tubabbun mayaƙan Boko Haram. Waɗanda suka saurari saƙon sun fi nuna yarda a karɓi tubabbun, sun kuma fi kyautata zaton cewa maƙwabtansu ma za su yarda.

Iyakar abin da aka gano

Wuri 15 ba shi da yawa, don haka ana buƙatar maimaita gwajin a wasu yankuna. Haka kuma binciken Alexandra Scacco da Shana Warren a Kaduna, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa haɗa matasa Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta bai sauya ra'ayinsu game da juna ba, amma sun fi waɗanda aka ware su kaɗai yin adalci wajen rabon kuɗi. Ke nan hali kan riga ra'ayi sauyawa. Cuɗanya kuma ba ta maye gurbin shari'a da shata burtali da hukunta masu laifi.

Ga hukumomi da sarakuna da malaman jami'o'in yankin, ciki har da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ayyukan nan sun nuna cewa ana iya auna shirin sulhu da hujja kafin a zuba masa kuɗin jama'a.